Yaro Yana Lafiya, Uwa Yana Lafiya

A duk ma'aikatar da Hajiya Hadijatu take aiki a Abuja, abu biyu aka san ta da su, saƙa da gyaran Hausa. Saƙar dai kowa ya ci moriyarta. Babu matar da ta haihu a ofishin nan jaririnta bai sa hula da safa na hannun Hajiya ba, har filas ɗin shayin darakta sai da aka saƙa masa riga. Kuma ba kwaikwayon kowa take yi ba. Ita take zana adonta a takardar lissafi mai ƙananan gidaje, ta cike wasu gidajen da jan biro ta bar wasu fari, sai ka ga agwagwa ta fito, ko jirgin sama, ko fure na tsakiyar tuma-ƙasa, wato murfin nan na zare da ake rufe kwanon abinci. Matan unguwa har layi suke yi su ari takardun su kai Wuse a yi musu fotokwafi.

Gyaran Hausar kuwa, wannan sai haƙuri. Kafin ta dawo aikin tarayya ta daɗe tana koyar da Hausa a Zariya, sai Allah ya jefo ta garin da direban tasi zai dube ta da mayafinta da komai ya ce, "Madam, ina za ka?" Lokacin kuwa Abuja ta haukace da gine-gine, kowa ya sayi wayar salula, mutane suna ta kwararowa daga ko'ina, kowa da irin Hausarsa. Hajiya ta gyara masinja, ta gyara mai gadi, ta gyara mai tumatir. "Ki ake cewa. Ni mace ce." Su ce, "To Hajiya, ka yi haƙuri."

Ɗanta guda ne a duniya, Al-Amin, injiniya a wani kamfanin waya, ita kuwa Auta take ce masa. Ranar da Auta ya kawo mata yarinyar da yake so, Vivian, 'yar Gbagyi daga Ushafa mai aiki a banki, yarinyar ta durƙusa har ƙasa cikin ladabi, ta ce, "Mama, ka wuni lafiya?"

Shi ke nan fa. Hajiya ta samu abin kamawa. A gaskiya dai ba kalmar ce ta ɓata mata rai ba, akwai 'yar ƙawarta a Zariya da ta daɗe tana ajiye wa Auta a zuciya. Amma wannan ba ya faɗuwa a gaban mutane, saboda haka ta ce ita ba za ta iya da surukar da ba ta san namiji da mace a baki ba. Aka yi biki ta ce hawan jini ya tashi. Suka tare a Kubwa, ba ta taɓa taka gidan ba. Auta yakan zo ran Juma'a shi kaɗai ya gaishe ta, da ya ce "Vivian tana..." sai ta ce, "Ku ma haka ake ɗauke muku wuta?"

Ta yi nadama kuwa, tun ba a je ko'ina ba. Tana saƙa wa jikokin mutane kaya tana sane da cewa nata yana tafe, don ta ga Auta yana sayen goruba da tsamiya. Abin da ba ta sani ba shi ne ta wace ƙofa za ta koma. Ta bai wa yarinya haƙuri? Bakinta ba zai iya ba. Ta yi shiru har a haihu a yi suna babu ita? To ta san in haka ta faru, jikan nan zai tashi ya san ta ne a matsayin wata tsohuwa da babansa yake gaisarwa ran Juma'a.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe ta ga mace doguwa, kakkaura, da 'yar tukunya naɗe a zane. Magdalene ce, uwar Vivian, wadda duk Ushafa aka sani da ginin tukwane. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, shi ma daga nesa.

"Sannu Hajiya, ka kwana lafiya?" in ji Magdalene, tana murmushi har kunne. "Na zo in gaya maka, Vivian ya haihu. Yaro yana lafiya, uwa yana lafiya. Mijinsa yana Fatakwal wurin aiki, waya ba ya shiga. Na ce maganan nan ba na aike ba ne, bari in zo da ƙafana."

Farin ciki ya cika Hajiya. Duk da haka malamar da ke cikinta ba ta yi barci ba, tana bin maganar tana gyarawa a zuci: ta haihu, uwa tana lafiya, mijinta. Da ta zo kan "yaro" sai ta bar shi yadda yake. Wannan ai suna ne, ba a kuskurensa.

"Goshi naka, hanci naka," in ji Magdalene. "Vivian yana gidana yana wankan jego. Suna a can za a yi. Ka zo fa."

"Allah ya raya," in ji Hajiya, fuska a ɗaure kamar mai karɓar fayil. Ta kawo ruwa da lemo, ta karɓi tukunyar ta ce an gode, ta raka baƙuwa har bakin bene. Tana dawowa ta kulle ƙofa, ta shige ɗaki, ta danna fuskarta a filo ta rangaɗa guɗa don kada maƙwabta su ji.

Nan take dabara ta zo mata. Za ta saƙa kayan da ba a taɓa gani ba, riga da hula da safa da shawul, ta ɗauka ta shiga gidan suna da su a hannu. Wanda ya ga kayan ya ga haƙurinta, ba sai an sa ta faɗa ba.

Kafin azahar tana kasuwar Wuse, a shagon Thaddeus mai zaren ulu.

"Mama, wane kala za ka ɗauka? Na miji ko na mace?"

"Za ki, Thaddeus, za ki. Ba ni shuɗi, mai laushin nan. Miji na yi."

Thaddeus ya saki baki. Sai da ta yi masa bayani cewa a Hausa jikan mace namiji mijinta ne na wasa, sannan ya kwashe da dariya ya ƙara mata farin zare kyauta, ya ce na ango ne.

Zaren Thaddeus a manyan ɗauri yake zuwa, sai an samu mai riƙewa a hannu biyu sannan a naɗe shi dunƙule-dunƙule. Da can marigayi maigidanta, Malam Lukmanu, shi yake miƙa mata hannu yana sauraron labarai a rediyo. Bayan rasuwarsa Auta ya gaji aikin. Tun da aka yi auren nan kuwa, kujerar cin abinci take kifawa ta saƙala zaren a ƙafafunta. Kujera ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, amma kuma ba ta hira.

Ta baje takardarta mai gidaje. A gindin rigar ta so ta jera ƙananan tukwane, don mutanen Ushafa su san an san da su. Ta ɗora tukunyar Magdalene a kan tebur tana kallo tana cike gidaje. Ta farko ta fito sak albasa. Ta biyu kamar kan mutum da hular kwano. Sai da ta rage wuyan da gida ɗaya, ta faɗaɗa cikin, ta ja farin layi a kafaɗa irin zanen da ke jikin ta gaskiyar, sannan tukunya ta amsa sunanta. A ƙirji kuwa babu shawara. Yaro na fari a gidan Auta ai sunan marigayi zai ci, kuma wanda ya ci sunan kakansa Abba ake kiransa. Ta zana manyan haruffa huɗu, A, B, B, A, fari a kan shuɗi.

Ran Litinin ta tafi ofis da saƙarta a jaka. Ƙawarta Maiturare, wadda teburinsu ke kallon juna, kuma take sayar da humra a ƙarƙashin nata teburin, ta leƙo ta ga haruffan.

"Hajiya, kin tabbata namiji ne?"

"Da kunnena na ji. Yaro ta ce."

"Matar da kika ce ta ce miki uwa yana lafiya? Ki kira ɗanki ki tambaya mana, ko kuɗin katin ne babu?"

"Maiturare, ya da ta su ne suke ba su wahala. Yaro da yarinya kuwa ko Bature ya bambance. Ni za ki koya wa Hausa?"

"Allah ya ba ki haƙuri, malama," in ji Maiturare, ta koma kan humrarta.

Da yamma sai ga kiran Auta daga Fatakwal. Mutumin da aikinsa kafa wa jama'a ƙarfen waya, tasa muryar tana zuwa tana ɗaukewa kamar daga cikin rijiya.

"Mama, kin ji labari?"

"Na ji. Allah ya raya."

"Amin. Mama, batun suna ne. Muna so mu... in kin yarda..."

To a nan ne fa aka yi ta. Hajiya tun tana amarya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ba kuma za ta fara yanzu da yana kabari ba. Auta kuma, duk bokonsa, bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunan uwarsa a gabanta ba.

"Ka san sunan da ya kamata," in ji ta. "Ba sai na faɗa ba."

Auta ya ce, "Kin yarda ke nan, Mama?"

"In ban yarda da wannan ba da wanne zan yarda?"

"Allah ya ƙara girma, Mama. Wallahi Vivian za ta..."

"Ku ma can haka ake ɗauke muku wuta?" in ji Hajiya, sai layin ya yanke don kansa.

Satin nan tsinken saƙa bai huta ba. A ofis, a tasi, a layin banki, har a taron da darakta yake bayanin sabon tsarin aiki, hannunta yana ƙarƙashin tebur yana aiki. Ta gama riga, ta gama hula mai tuntu, ta gama safa ƙanana kamar kunnen zomo. Shawul ɗin ma ta zagaye shi da tukwane. Duk wanda ya tambaya ta ce na angonta ne.

Ranar suna ta sha leshi, ta ja Maiturare suka ɗauki shatar koriyar tasi zuwa Ushafa. Hanyar Kubwa ana aiki, manyan motocin yashi sun cushe ko'ina, direba yana ta cewa, "Hajiya ka yi haƙuri, yanzu za mu wuce." Yau ko gyara shi ba ta yi ba. In yarinyar ta ɗauke kai fa? In aka karɓi kayan aka ajiye a gefe aka ce an gode? Kafin su isa rana ta ɗaga, maza sun riga sun yi addu'a a ƙofar kawun Vivian, Malam Yamusa, an raɗa suna an raba goro an watse.

Gidan Magdalene cike yake da mata, wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin zumuntar mata na coci, ga tukwane jere a gindin katanga, manya da ƙanana. Ana ganin Hajiya sai guɗa ta tashi.

"Mai suna ya zo! Mai suna ya iso!"

Hajiya ta ce a ranta, matar mai suna dai suke nufi, Allah sarki. Tarbar ta ba ta ƙarfin gwiwa. Ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda kaka take yi a gidan suna.

"Ina angon nawa? A fito mini da mijina in gani, ko ya yi kyan da zan zauna da shi!"

Mata suka fashe da dariya, sun ɗauka wani wasan ne na mutanen Zariya. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar mangwaro. Ta zuge jaka ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana karɓa ana miƙa wa na gaba ana salati. Magdalene ta ɗaga shawul ɗin ta ƙura ido, sai ta dafe ƙirji.

"Wannan ai tukunyana ne! Ku duba, har layin wuya! Hajiya, hannunka yana da albarka."

Daɗi ya kama Hajiya har ta ji ba ta taɓa jin "hannunka" mai daɗin wannan ba. Sai ta fito da rigar, ta baje ta a cinya. Auta, wanda ya shigo gaishe ta yana ta washe baki, ya durƙusa, ya dubi ƙirjin rigar, ya sake duba.

"Mama, wane ne Abba?"

"Wane irin wane ne Abba? Da me za a kira shi in ba Abba ba?"

Kafin ya amsa aka ɗaga labulen ɗaki. Vivian ta fito a hankali, ta yi fari ta yi fes irin na masu jego, da jariri a naɗe a tawul. Ta zo ta durƙusa. Hajiya ta leƙa fuskar. Goshin nata ne, babu gardama. Hancin ma. Sai kuma ta ga wani abu yana ƙyalli a 'yan kunnuwan, ƙananan 'yan kunne na zinariya.

"Innalillahi," in ji Maiturare a hankali, tana cusa gefen mayafi a baki don kada dariya ta kuɓuce mata.

Hajiya ta juya ga Magdalene. "Ba yaro kika ce mini ba?"

"E mana, yaro," in ji Magdalene, da gaskiyarta. "To babba ne? Duba shi, ko sati bai wuce ba."

"Mama, mace ce," in ji Auta. "Kuma ai ke kika ce a sa sunan da ya kamata. Sunanki aka raɗa mata da safe. Tun cikin yana ƙarami Vivian ta ce in mace ce, sunanki za ta ci. Ni ne na ce sai mun ji daga bakinki, kada ki ƙi."

Kunya ta rufe Hajiya tun daga kai har ƙafa. Malamar Hausa guda, ta shigo gidan surukai tana neman miji, alhali takwara aka yi mata! Kuma yarinyar da ta ƙi taka gidanta ita ce ta zaɓi sunan. Wannan ya fi kunyar ciwo. Hannunta ya fara ninke rigar da kansa yana tura ta cikin jaka, idonta yana neman inda direban tasi ya tsaya.

"Mama," in ji Vivian. Ta fito da kalmomin ɗaya-ɗaya, da ji ka san an daɗe ana bitarsu a gaban madubi. "Sannu da zuwa. Kin zo lafiya? Mun gode da kika zo."

Ko malamin jarrabawa ba zai cire mata maki ba. Amma Vivian ta ga jakar ana zugewa, ta ga Hajiya tana gyara zama irin na mai shirin tashi, sai bitar ta watse. Ta miƙo jaririyar da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Mama, ka ɗauke shi mana. Tun safe yana jiranka."

Tana faɗa ta gane abin da ta yi. Ta runtse ido. Auta ya sunkuyar da kai, Maiturare ta daina dariya. Duk wanda ya san labarin ya san daga nan aka fara.

Hajiya ta dubi yarinyar da ke durƙushe a gabanta, tana miƙo mata jaririyar. Ta saki jakar.

"Miƙo mini shi," in ji ta.

Guɗar da Magdalene ta yi sai da kaji suka watse. Hajiya ta rungume takwararta, ta yi mata addu'a a goshin nan nasu na gado, hawaye yana ɗiga a kan leshi ba ta ko share ba. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta jawo rigar daga jaka ta sake baje ta, ta bi haruffan da yatsa tana motsa baki.

"Wadda ta ci sunan kakarta Ummi ake ce mata," in ji ta. "U, M, M, I. Huɗu ne su ma, za su zauna a gidajen. Daga wuya zuwa ƙirji kawai zan warware. Shuɗin kuwa haka za ta sa shi, wa ya ce na maza ne su kaɗai?"

Ta kwantar da jaririyar a cinya, ta ciro tsinke daga jaka, ta tsinke bakin wuyan, zare ya fara zubowa a murɗe. Ta waiga tana neman kujerar da za ta kifa ta saƙala shi kafin ya cukurkuɗe. Babu kujera a tsakar gidan nan, daga benci sai tabarmi sai tukwane.

Vivian ta matso a kan tabarmar, ta miƙa hannuwanta biyu.

"Haka ake yi, Mama?"

"Ware su kaɗan, 'yata," in ji Hajiya. "Yauwa. Kada ki gaji fa, da sauran aiki."

Ta ɗora mata bakin zaren a yatsa, ta ci gaba da warwarewa.